Tukunya ɗaya ko kowa da murhunsa? Zaɓen tsarin manhaja kafin a ɗora ta a gajimare

Wata Asabar bayan la'asar ƙanen wani abokina ya same ni a ofis a titin Zoo, kwamfuta a hammata, fuska ba walwala. Su uku ne suke haɗa manhajar da za ta riƙe wa 'yan kasuwar Singa lissafin kaya da na bashi, kuma sun yi mako guda suna kai ruwa rana. Ɗayansu ya kafe sai an gina ta da tsarin maikirosabis tun daga tushe, kada a zo ana da-na-sani ranar da jama'a suka yi yawa. Shi kuwa yana ganin a dunƙule komai wuri guda, a fara nemo masu saye tukuna.

"Yaya, kai za ka raba mana gardamar nan."

Na ce, "Shaguna nawa ke amfani da ita yanzu?"

Ya sosa ƙeya. "Goma sha huɗu. Biyu na kawuna ne."

Na yi dariya, amma ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararrabar ba. Masu haɗa manhaja da yawa a garin nan suna nan, wasu ma da kuɗin mutane a hannunsu.

Abin da ake zaɓa a kai

Gajimare dai kwamfutocin wasu ne da kake haya ta intanet, na Amazon, Google, Microsoft, ko ƙananan kamfanoni irin su DigitalOcean da Hetzner. Gardamar a kan siffar da za ka kai musu manhajarka take.

Bahaushe ya san irin wannan muhawarar tun kafin a ƙera kwamfuta. Gandu ne: uba da 'ya'yansa, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Haka dunƙulalliyar manhaja take. Rajista, biyan kuɗi, lissafin sito, tura saƙo, duk a jiki ɗaya, suna zuba bayanai a rumbu ɗaya, ana ɗora su gaba ɗaya.

Zaɓi na biyu gidan ne dai, zaure ɗaya, amma an kewaye wa kowane ɗa sashensa. Wannan ita ce dunƙulalliya mai sassa.

Na uku kowa ya fita ya gina nasa gidan, da rijiyarsa da mitar wutarsa da makullinsa. In ana son gishiri daga gidan Yaya, sai an aiki yaro. Wannan ne maikirosabis: ƙananan hidimomi masu cin gashin kansu, kowace da rumbun bayananta, suna magana ta ƙofar da ake kira API. Sabis ɗin da ke cikin sunan ba na waya ba ne, hidima ake nufi.

Na huɗu ba ka da gida ma, shata kake ɗauka kamar ta a-daidaita-sahu. Ka rubuta ɗan aiki, duk lokacin da aka kira shi gajimare ya tayar da shi, ya gama, ka biya kuɗin wannan tafiyar kawai. AWS Lambda ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a 2014, ita ce fitacciya a nan.

Ma'aunin da zan auna da shi

Kuɗi ne kan gaba, kuma da dala. Naira kake karɓa a hannun ɗan kasuwa, gajimare kuwa da dala yake maka lissafi. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024 ya san cewa bil ɗin da bai ƙaru da ko sisi a wurinsu ba ya ninka uku a aljihunsa.

Sai hannu. Ku nawa ne, kuma in mutum ɗaya ya tafi, wa zai riƙe abin da ya bari? Yaron da ya ƙware a harkar Kubernetes, kayan aikin da ke jera hidimomin maikirosabis yana kula da su, ba ya daɗewa kafin wani kamfanin Legas ko na waje ya ɗauke shi, yana zaune a ɗakinsa a Hotoro ana biyansa da dala. A ganina wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi mantawa.

Sai sauƙin sakin sabon zubi: daga gama gyara zuwa isarsa wayar mai amfani, matakai nawa ne? Sai ƙarko, wato in wani ɓangare ya faɗi me zai rage a tsaye, kuma tsarin zai ɗauki girma ko zai tsage. Na ƙarshe haɗari: lissafi zai iya rikicewa? In ya rikice, awa nawa za a yi kafin a gano inda ɓarakar take?

Akwai kuma nisa, wanda ya shafi dukkan huɗun. Cikakkun cibiyoyin manyan kamfanonin uku a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ta buɗe a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, Google a Johannesbag a 2024. Amazon ta ƙara ƙaramin reshe a Legas a 2023. Da yawanmu Landan ko Farankfot muke ajiye manhaja. Duk kiran da waya ta yi wa manhajar daga Dawanau sai ya bi Legas ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ji a jikinsa, har bankuna. Ba tsarin da zai fisshe ka daga wannan, sai dai wani yana ƙara yawan kai-komon.

Dunƙulalliya

Ita ce mafi arha, ba ma kusa ba. Sabar haya, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, a DigitalOcean mai ƙwaƙwalwar gigabait 1 dala 6 ce a wata, mai gigabait 4 dala 24. Manhajar da aka rubuta da kyau da kayan gini irin su Laravel ko Django, tare da rumbun bayanai na PostgreSQL, za ta riƙe ɗaruruwan shaguna a kan irin wannan ba tare da ta yi nishi ba. Mutum ɗaya zai iya ɗora ta, ya kuma kunna ta dukanta a kwamfutarsa ya gwada ko da intanet ya ɗauke, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Babbar kyautarta ita ce lissafi. Cire kuɗi daga asusun mai saye da rage kaya a sito suna faruwa a numfashi ɗaya cikin rumbun bayanai: ko duka su tabbata, ko duka su fasa. Ba tsaka-tsaki.

Masu cewa ba ta ɗaukar girma sun yi ƙari. Ana kunna kwafinta uku ko goma, a sa mai raba zirga-zirga a gaba. Inda take ciwo daban ne. Kuskure ɗaya a sashen fitar da rahoto zai iya cinye ƙwaƙwalwar sabar ya durƙusar da biyan kuɗi. In kuma shekaru suka ja ba tsari, sai ta zama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ka ja nan can ya motsa. Ga layi: idan masu aiki suka kai talatin, kowa sai ya jira kowa kafin a saki zubi ɗaya.

Dunƙulalliya mai sassa

Farashinta da sauƙin ɗora ta ɗaya ne da na farko, don har yanzu abu ɗaya ake ɗorawa. Bambancin a cikin gida yake. Sashen bashi ba ya zura hannu a teburin bayanan sashen sito, sai ya yi sallama ta ƙofa. Shopify, da ke riƙe da shagunan intanet masu ɗimbin yawa a duniya, ginshiƙinta dunƙulalliya ce da aka gina da kayan aikin Ruby on Rails aka tsaga sassa, har suka fitar da kayan aiki mai suna Packwerk a 2020 don kama wanda ya tsallaka iyaka.

Raunin shi ne katangar ta zana ce, ba ta bulo ba. Daren da aiki ya matse, wani zai ɗaga zanan ya wuce, ya ce gobe zai gyara. In ba wanda ke duba aikin ɗan'uwansa kafin a haɗe, wata shida ya isa a koma gandu. In kuwa an riƙe iyakokin, ranar da wani sashe ya isa fita a ware masa gidansa, yankewar ba ta da wuya, tunda an san inda gaɓar take.

Maikirosabis

Sunan ya bazu ne bayan rubutun da masana manhaja James Lewis da Martin Fowler suka fitar a Maris 2014, a daidai lokacin da kayan aikinsa suka nuna: Docker a 2013 ta sauƙaƙa naɗe kowace hidima a kwantenarta, Kubernetes ta fito daga Google a 2014 don jera kwantenonin da tayar da wadda ta faɗi. Labarin da kowa ke kawowa na Netflix ne. A Agustan 2008 rumbun bayanansu ya lalace, suka yi kwana uku ba su aika wa kowa faifan fim na DVD ba, wanda shi ne babbar sana'arsu a lokacin, daga nan suka fara ƙaura zuwa gajimaren Amazon suna rarraba manhajar. Abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne ba su gama ba sai Janairun 2016. Shekara bakwai, da kuɗin Netflix da injiniyoyin Netflix.

Amfaninsa na gaskiya ne. Kowace tawaga tana sakin nata gyaran ranar da ta ga dama, ba ta jiran kowa. In hidimar bincike ce ke shan cunkoso, ita kaɗai za a ƙara wa sabar. In hidimar tura saƙo ta mutu, ciniki na ci gaba, muddin an tsara haka. Amma duba da kyau, mafi yawan wannan maganin cunkoson ma'aikata ne, ba na masu saye ba. Amazon ta shahara da ƙa'idar cewa tawaga kada ta wuce waɗanda fiza biyu za ta ƙosar, kowace da hidimarta. Uber ta ce tana da muhimman hidimomi wajen 2,200 a 2020, da dubban injiniyoyi a bayansu. Tun 1968 masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura cewa siffar manhaja tana bin siffar yadda masu gina ta ke sadarwa. Mutum uku da ke zaune a tebur ɗaya suna shan shayi ɗaya ba su da abin da za su raba gida tara a kai.

Kuɗin kuwa tun daga bakin ƙofa yake farawa. Kubernetes ɗin da Amazon ke kula maka da shi santi 10 ne a awa, wajen dala 73 a wata, kafin ka kunna sabar ko ɗaya da za ta yi ainihin aikin. Sai sabobin, sai rumbun bayanan kowace hidima, sai mai raba zirga-zirga, sai wurin tara rajistar abubuwan da suka faru, sai kuɗin bayanan da ke tsallakawa tsakanin shiyyoyin cibiyar. Kowace hidima kuma tana son nata layin gwaji da ɗorawa. Hidima goma, layi goma, kuma duk sai an riƙa sabunta su.

Na ɗanɗana da kaina. Wani aikin odar kaya da na sa hannu a ciki, mu huɗu, muka tsaga shi tara don haka muka ji manya na yi. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah wani mai shago ya yi odar katan goma na taliya. Hidimar asusu ta cire kuɗinsa, ta aika wa hidimar sito, amsa ta yi jinkiri, wayarsa ta gaji da jira ta sake turawa, aka sake cirewa. Sito kuwa bai rubuta komai ba. Ya kira ni bayan isha'i.

"Malam, alat biyu na gani, kaya ko kwali. Wannan wace irin sana'a ce?"

"Alhaji, a yi haƙuri, yanzu za mu duba."

Yanzun nan ta kai mu ƙarfe biyun dare, muna buɗe rajistar hidima tara ɗaya bayan ɗaya muna gwama lokuta, ga janareta na shan mai. Maganin sananne ne: kowace oda da lambarta, in ta zo sau biyu a watsar da ta biyun, a sa layin saƙo irin RabbitMQ ko Kafka a tsakani, a rubuta hanyar mayar da kuɗi in mataki na gaba ya gaza, a liƙa wa kowane kira shaidar da za a bi sawunsa da ita daga hidima zuwa hidima. Mafi yawan wannan aiki ne da rumbun bayanai ɗaya yake yi maka kyauta a dunƙule. Don adalci, ko dunƙulalliya ce, in tana karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave sai ta yi wannan taka-tsantsan a wannan ƙofar. Amma ƙofa ɗaya ce, ba tara ba.

Batun ƙarko ma yana da lauje cikin naɗi. Hidimar da ke tsaye kashi 99.9 cikin ɗari tana faɗuwa wajen minti 43 a wata. Jera goma irinta, kowace sai ta jira amsar ta gabanta, sai ka sauko kashi 99, wato sama da awa 7. Rabuwa ba ta kawo juriya da kanta sai an gina kowace ta iya rayuwa in maƙwabciyarta ta yi shiru. Mafi muni shi ne a raba hidimomin amma su ci gaba da cin rumbu ɗaya, ba a iya ɗora ɗaya sai da sauran. An raba gida ke nan an bar makulli ɗaya, ga wahalar rabuwa ga ta zaman tare. In kuma aka bar waya tana kiran hidima shida kai tsaye don buɗe shafi ɗaya, mai shago a lungun Kantin Kwari da sandar sabis biyu shi zai sha jira, sai an sa ƙofa ɗaya a gaba da za ta tattaro amsoshin.

Har manya suna komawa. Segment, kamfanin tattara bayanan masu amfani da manhaja, ta bayyana a 2018 cewa ta haɗe hidimomi sama da 140 zuwa ɗaya saboda kula da su ya cinye lokacin 'yar tawagarta. A 2023 wata tawagar Prime Video ta Amazon ta ce ta dunƙule tsarinta na sa ido kan ingancin bidiyo, kuɗin gudanar da shi ya ragu da kashi 90. Ɓangare ɗaya ne ba dukan Prime Video ba, kada a yi mini ƙari, amma gani ga wane ya ishi wane.

Tsarin shata

In ba a kira ba, ba ka biya. Lambda tana ba da kira miliyan 1 kyauta a wata, kuma ba sabar da za ka kula da ita. Ya dace da aikin da ke zuwa jefi-jefi: rage girman hoton rasit, tura tunin bashi ranar Juma'a, haɗa rahoton dare. Iyakarsa a fili take. Aiki ɗaya ba ya wuce minti 15, kiran farko bayan dogon shiru yana ɗan jinkiri, kuma in ka gina komai a kansa, tashi daga wannan kamfanin zuwa wani sai ka sake rubutu mai yawa. Bil ɗinsa ba shi da rufi: kuskuren da ya sa aiki yana kiran kansa na iya yin ta ƙirga dala kana barci, don haka ka saita gargaɗin kasafi tun ranar farko. Mai zirga-zirga daga safe zuwa dare, shata ta fi sayen babur tsada.

| Ma'auni | Dunƙulalliya | Mai sassa | Maikirosabis | Shata |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa | Kusan babu |
| Hannun da ake buƙata | 1 zuwa sama | 2 zuwa sama, da ladabi | Tawagogi da mai kula da dandamali | 1 zuwa sama |
| Sakin gyara | Sauƙi, sai an yi yawa | Sauƙi | Kowa da nasa, bayan dogon shiri | Sauƙi |
| In ɓangare ya faɗi | Duka na iya tsayawa | Duka na iya tsayawa | Saura na ci gaba in an tsara | Wannan aikin kawai |
| Rikicewar lissafi | Da wuya | Da wuya | Sai an yi kaffa-kaffa | Sai an yi kaffa-kaffa |
| Gano ɓaraka | Wuri ɗaya | Wuri ɗaya | Bin sawu gida-gida | Matsakaici |

Wa ya dace da me

Ɗalibin Jami'ar Bayero mai aikin kammala karatu, ko mai haɗa wa makarantar Islamiyya ko kemis manhajar lissafi shi kaɗai: dunƙulalliya, sabar ɗaya, da kwafin ajiyar bayanai kullum a wani wuri daban. Ka kuma gwada dawo da kwafin ko sau ɗaya, kada ranar buƙata ka tarar da fanko.

Kamfanin mutum uku zuwa goma sha biyar da ke fatan girma, musamman in kuɗin mutane na bi ta hannunsa: mai sassa. Har yanzu ba ku gama sanin inda iyakokin sana'arku suke ba, kuma matsar da zana ya fi rushe bulo sauƙi.

Mai manhajar da ke aiki lafiya amma ɓangare ɗaya ya addabe shi, misali amsa USSD ko tura dubban saƙonni lokacin kakar riɗi a Dawanau: ka cire wannan ɓangaren kaɗai, ko ya zama hidima ko ya hau shata, ka bar sauran a inda suke.

Maikirosabis na kamfanin da ya kai tawagogi huɗu ko biyar suna taka ƙafar juna wajen sakin zubi, yana da gwaji mai sarrafa kansa, yana da mutum biyu aƙalla da aikinsu kawai kula da dandamali, kuma kuɗin shigarsa na iya jure tashin dala. Kamfanonin hada-hadar kuɗi masu wakilan POS a faɗin ƙasa suna nan. In mutum ɗaya ne tak ya san yadda ake ɗora hidimomin, ba ku kai ba tukuna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su ƙanen abokina mai sassa na ce su yi: sashen kaya, sashen bashi, sashen masu amfani, rumbu ɗaya, sabar dala 24, tunin bashi kuma a kan shata. Wanda ya kafe ɗin na ba shi aikin tsaron iyakoki, duk wanda ya zura hannu a teburin wani sashe shi zai mayar masa da aikinsa. Ya karɓa yana ƙunƙuni, ya ce in sun kai shago dubu zai dawo mu sake zama. Na ce ya zo da jerin sunayen ma'aikatansu.